Bugun Zuciyar Baba Alli

Baba Alli ɗalibai suke ce masa, saboda kullum hannun rigarsa fari fat da garin alli. Tun yana matashi yake koyar da sadarwa marar waya a sashen injiniya, kuma a kan allo yake koyarwa: ya cika shi da lissafi, ya goge, ya sake cikawa. Bai san makara ba, bai taɓa ƙara wa kowa maki don kuka ba. Kowace shekara, wanda ya fi hazaƙa a aji wurinsa yake yin aikin kammala karatu, har ya ɗauki abin kamar gadonsa.

Sai aka ɗauki sabon malami, tsohon ɗalibinsa, wanda ya taɓa kora daga aji saboda barci. Shi wannan ba ruwansa da allo. Ya raba yara rukuni-rukuni, ya kai su asibitin makaranta, ya ce su ƙera 'yar na'urar da za a ɗaura wa majinyaci a hannu, ta riƙa aika bugun zuciyarsa zuwa teburin nas ba waya, ta yi ƙara in bugun ya yi yawa. Nan da nan ofishinsa ya cika, warin dalma har baranda. Baba Alli kan wuce ta ƙofar yana kallon silin.

Bana wata yarinya mai tabarau ce kan gaba a aji, kuma har yanzu ba ta faɗi wurin wanda za ta yi aikinta ba. Wannan ya tsaya masa a rai.

"Malam, kishi kake yi," in ji matarsa.

"Da wa? Da wannan sarkin barcin?"

"To daina tsaki, ka hana ni jin rediyo."

Ana cikin haka hawan jini ya kwantar da shi a asibitin. Da aka nemi izinin gwada na'urar a hannunsa, ya yarda da sauri, don ya samo mata aibi. Mai tabarau ce ta ɗaura masa.

Da hantsi sabon malamin ya shigo dubiya. "Sannu Malam, ya jiki?"

"Da sauƙi."

Sai ƙara ta tashi daga teburin nas. Nas ta rugo, ta duba Baba Alli, ba ta ga komai ba. Malamin ya fita, ƙarar ta lafa. Ya dawo da lemo a leda, ta sake tashi.

Mai tabarau ta damu, ta dubi sabon malamin. "Malam, ko wayarka ce take shiga siginar?"

Ya ajiye wayar a waje. Ya cire agogo, har da makullan mota. Yana sa ƙafa a ɗakin, ƙara ta tashi.

Matar Baba Alli ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. "Ku ƙyale aljihun bawan Allah. Na'urarku lafiyarta ƙalau."

Malamin ya sulale waje, nas ta bi bayansa. Yarinyar ta tsaya tana murza yatsu.

"Baba, dama akwai maganar aikina da nake so in..."

"Tsaya. Kwance mini abin nan tukuna."

Ta kwance.

"To, faɗi."

"Wurinsa zan yi."

"Allah ya ba da sa'a," in ji shi, murya a daidaice. Sannan ya juya wa bango fuska, ya ce wa matarsa ta kai wa nas lemon.