Muryar da Umma ta farfaɗo da ita

Jiya da la'asar Kawu, yayan Umma, ya yi sallama a ƙofar ɗakinta. Daga ciki aka amsa: "Wa na? Shigo mana, mi kaka jira?"

Kawu ya ƙame da takalmi ɗaya a ƙafa.

Wata biyu ke nan da Umma ta samu shanyewar ɓarin jiki. Maganarta ta dawo, alhamdu lillahi, amma ba da harshenta ba. Matar da aka haifa a nan unguwar Badarawa, ko Gusau ba ta taɓa wucewa ba, yanzu Sakkwatanci take ja. Likita ya ce ciwon yakan sauya wa mutum lafazi, kunnenmu ne ke kamanta shi da na wani gari.

Na ce, "Kawu, ku shiga, Umma ce."

Ya riƙe hannuna. "Wallahi muryar Innarmu ce. Har yadda take jan numfashi."

Inna Basakkwaciya ce, kuma Umma na da kwana tara a duniya ta rasu. Umma ba ta taɓa sanin maganarta ba.

Kawu bai shiga ba. Ya zauna a dandamali, ya rufe ido, ya ce in bar ta ta yi ta magana.

Ni kuwa na koma kicin ina sauraren tsofaffin saƙonnin muryarta a waya. Shi ya samu uwarsa, ni tawa nake nema.

Jama'a, akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan?