Direban Injin Ɗaga Kaya

Shekarar da na bar Kalfu na shigo Tawa neman aikin rani, dako na samu a wata babbar mangaza da ake tara hatsi da shinkafa. Manyan motoci su kawo, mu sauke a kai, mu jera. In lokacin rabo ya yi mu sake ɗaukowa mu loda wa motocin Takanamat da Tebaram. Wuyana ya yi kauri, gashin tsakar kaina ya kakkaɓe.

Wata safiya shef, wato shugaban mangazar, ya tara mu ya ce an sayo mana injin ɗaga kaya, mai ƙahoni biyu na ƙarfe a gaba, yana kan hanya daga bakin teku. Matsalar ita ce babu wanda ya iya tuƙa shi, don haka an turo mai koyarwa daga Yamai. Mai koyarwar ya iso. Injin bai iso ba.

Mushe muke ce masa, wato malam da Faransanci. Mutum ne mai kirki, kuma ya ce ba zai koma bai yi aikin da aka turo shi ba. Ya sa aka kawo kujerar roba, aka ɗaure mata taɓare biyu a gaba, ya ba ni faifai ya ce shi ne sitiyari. Sai in zauna, in riƙe faifan, in ja kujerar da ƙafafuna tsakanin buhuna. In zan yi baya, dole in yi ƙara da bakina don mutane su kauce.

Akwai wani dattijo mutumin Tebaram, shi ne babba cikin 'yan dako, Baba muke ce masa. Mushe ya naɗa shi mai tafiya a ƙasa, aikinsa ya gitta gabana ba zato in taka birki.

"Mushe, ina birkin?" na tambaya.

"Shina nan ƙarƙashin ƙafarka ta dama. Ka sa a ranka."

Na sa a raina. Ranar jarrabawa wani abokina ya faɗi don ya buge Baba da taɓarya bai yi oda ba. Abokin nawa ya yi fushi da gaske, har ya ƙi cin abinci. Ni na ci jarrabawar, aka ba ni takardar shaida mai hatimi. Mushe ya yi mana sallama ya koma.

Injin ya zo bayan an yi girbi, ja wur, a bayan wata doguwar mota. Muka taru muna kallo. Direban motar ya ce mu sauke masa kayansa yana sauri. Shef ya tambaye shi da me ake saukewa. Ya ce a can inda aka loda, da irin wannan injin aka ɗora shi.

Baba ya ce a haƙa rami. Muka yini muna haƙa a bakin ƙofa, motar ta shiga da baya har gadonta ya yi daidai da ƙasa, muka turo injin ya sauko. Sai motar ta kasa fita. Washegari ma a kanta muka yini, har da mutanen unguwa.

Sai na hau injin. Na murza makulli, wani ɗan haske ya kama. Na taka, ya motsa. Wallahi na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Na shigar da shi mangaza, ina yin ƙarar baya da bakina duk da shi ma yana yin tasa. Na nufi tarin shinkafa na cusa ƙahonin kamar yadda aka koya mini. Suka huda buhuna, shinkafa ta zubo kamar ruwan famfo. A nan muka gane sai an jera buhunan a kan wasu katakai na musamman, su kuwa ba su cikin abin da aka sayo.

Kafinta ya ƙera mana guda biyu. Kafin ya gama, batir ya mutu. Ashe injin na lantarki ne, kuma wutar mangazarmu ba ta isa ta cika shi. Aka nemi mai gyaran wuta, ya duba ya ce irin wannan sai wanda ya yi karatunsa, shi firiji da fanka ya sani.

Shef ya ce ba zai yiwu a ce an kawo inji ba a aiki da shi. Sai aka tsara aiki haka: 'yan dako su ɗauko buhu a kai su jera bisa katako, in hau in riƙe sitiyari, su taru a baya su tura ni har bakin mota, sannan su sake ɗaukar buhunan su loda. Ni an hana ni ɗaukar komai, tunda direba ne.

Ina zaune a sama, ina jin nishinsu a bayana. Mutanen da muke cin tuwo kwano ɗaya suka daina yi mini magana sai dole. Wata rana da la'asar muna tsakiyar mangaza, Baba ya ɗago kai, zufa na zuba daga gemunsa.

"Ɗana, kai ma nauyi gare ka hwa. Ko ka sauko mu tura tare?"

"Baba, wa za shi riƙe sitiyarin?"

"Ɗaure shi da igiya. Hanyar miƙaƙƙa ce."

Na sauko na ɗaure. Muka tura tare, ya tafi sak, har ya fi lokacin da nake riƙe da shi. Daga nan muka yi shawara: in shef yana nan in hau, in ya fita mu jingine injin a kusurwa mu yi aikinmu a kai, mu gama da wuri.

Haka muka yi har damina ta kusa. Ranar da zan koma gona, shef ya kama hannuna ya roƙe ni in dawo da rani, don ni kaɗai ne ƙwararre a wurin. Na ce masa in Allah ya so. Na dawo kuwa, na sake shekara biyu a kan wannan aiki.