Dubiyar Goggo da ƙafar Yaya Sani

Gaskiya a zumunci ba wanda ya kai Goggonmu ta Zaitawa. Jiya kafin azahar ta hau adaidaita ta yi dubiya a asibiti uku, namu ne na huɗu.

Yaya Sani sati biyar ke nan yana kwance tun da aka yi masa aiki a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. Likita ya ce wata ƙwayar cuta ce da ta daina jin magani, kuma hannu ke ɗaukarta daga gado zuwa gado. In allurar da ake yi masa yanzu ba ta yi ba, sai dai a yanke.

Goggo ta shigo tana dafa kowa, har waɗanda ba ta sani ba. Da ta iso kan Yaya, sai ta ɗaga bandejin.

Nas ta ce, "Hajiya, don Allah ki wanke hannu tukuna."

"'Yar nan, ni ce ƙazamar? Kafso biyu za a fasa a barbaɗa masa. Haka na yi wa wani a asibitin da na baro."

Na ce, "Goggo, shi ya warke?"

"Yo da ya warke me zai mayar da ni yau?"

Yaya ya janye ƙafarsa. Ita kuwa ta fita da fushi, wai saura wata da aka yi wa tiyata ba ta duba ba.

Jama'a, cutar da ta samu mai kai ta a adaidaita kyauta, me zai hana ta zaga Kano?