Rumfa a Bakin Hanyar Cadawa

Shekarar da aka samu mulkin kai, da kakar gyaɗa, kamyo, babbar motar kaya, ya buge babana a bakin hanyar Cadawa, shi da jakinsa. Ina amarya lokacin, muna ɓarar gyaɗa da mata a gindin gawo. Na ji ƙara, na ga motar ta ɗan rage gudu, sai ta ƙara wuta ta yi gabas.

Daga baya na san dokar direbobi ce: in ka buge mutum kada ka tsaya, dangi za su kashe ka, ka zarce wurin jandarma ka kai kanka. Mu ne dangin. Mata ne da ƙwarya, sai wani tsoho mai ciwon ƙafa.

Mu ma da tamu dokar. Mai gari ya iso yana haki, ya ce kada wanda ya taɓa Baba sai jandarma sun zo sun auna, wanda ya ɗaga shi da shi za a tafi. Sai aka kafa sanduna, aka ɗora zana, aka yi wa Baba rumfa a inda ya faɗi.

Yana da rai, yana magana. Na zauna ina korar masa ƙuda, ina jiƙa masa leɓe. Ban yi kuka ba, ban ji komai ba. Abin da ke raina kawai, na bar gyaɗata a buɗe, awaki za su ci.

Ya ce, "Ɗiyata, motar ba ta komo ba?"

Na ce, "Tana tahe, Baba."

Gidan likita yana Maraɗi, yamma da mu, kuma mota ɗaya ta bi hanyar nan ranar, ita ce ta yi gabas ta tafi Agiye wurin jandarma.

Ya cika bayan la'asar. Rana ta yi sanyi kamyon ya dawo da jandarma biyu. Suka ja igiya daga sawun taya zuwa jakin, daga jakin zuwa ƙafar Baba. Direban, magidanci ne da furfura, ya durƙusa a gabana.

"Ki gafarce ni, ƙanwata. Haka an ka koya muna."

Na ce masa ba komai. Bakina ne ya faɗa.

Da suka gama awo, jandarma suka ce yanzu a iya ɗaga shi. A bayan kamyon aka kai shi gida. Na hau na zauna kusa da kansa, na duba. Ashe babu kaya a motar, wuri ga shi nan har ya yi yawa.