Waken Barewa

A unguwar Nima na girma, inda ko ɗan akuya sai ya yi haƙuri da cin kwali, amma ban san dabbar da na sani kamar barewa ba. Ban taɓa ganinta da ido ba a lokacin. A bakin murhun kakata na san ta.

Kaka mai sayar da wake da shinkafa ce, abin da mutanen gari ke kira waakye. Daga Salaga aka kawo ta tana yarinya, Hausarta kuma ba ta lanƙwashe kamar tamu ba. Bayan magariba takan hura wuta a tsakar gida ta ɗora tukunyar wake da karan dafi, mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye faifai muna tsince na gobe. Hayaƙi ya riƙa tashi yana lasar kwanon rufi, rediyon wani na waƙa can bayan katanga, barci na jan idona ina ƙi. Ni ne ɗan ɗanta na fari, don haka Angona take ce mini, tana tsokanata wai ango ne da ko kuɗin cefane bai taɓa bayarwa ba.

Mahaifina ba ya gidan. Direban babbar mota ne a tashar Tudu, har ranar da ya yi hatsari yaron motarsa ya rasu. Jikinsa ya warke, zuciyarsa ta ƙi. Ya daina iya zama cikin mutane, ya koma kwana a tasha. Ƙannensa sun taɓa kama shi da ƙarfi za su kai shi wurin magani, ya kufce, aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Kaka kuwa, saboda kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle a ga damuwa a fuskarta. Na yi ta jin haushinta a kan haka. Ina ganin kamar ni kaɗai nake kewarsa.

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma akwai guda da take komawa kanta. Idan ta ce ga ta nan tafe muka ce ta iso lafiya, sai ta fara labarin wata mata mai 'ya ɗaya, wadda ta tsorata da ƙarar aradu ta ruga daji, ta bi garken bareyi har ta zama ɗaya daga cikinsu. Maharba suka ce za su kamo ta. Suka kafa tarko, suka saki karnuka, barewar ta ƙara nutsawa cikin kurmi.

Sai uwar ta ɗauki fartanya ta shiga dajin ita kaɗai. Ta sami wani fili tsakanin itatuwa inda rana ke sauka, ta nome ciyawa, ta kwashe saiwoyi, ta jira ruwan fari ya jiƙa ƙasa, ta shuka wake. Kaka takan ja wannan wurin a hankali, har in ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a tsakiyar Nima, in ga ganyen wake yana buɗewa cikin garwashi. Matar ba ta yi shinge ba, ba ta kafa bukkar gadi ba. Ta shuka ta juya baya ta tafi gida. Da ta dawo ta tarar an cinye ganyen, ga ƙananan sawu a ƙasa.

"Kaka, barewa ya dawo gida?" in ji Fusena 'yar maƙwabtanmu, da irin Hausarmu ta zango.

"Ta dawo ake cewa, 'yar nan. Ba ta dawo ba tukuna. Amma da damina ta zagayo, uwar ta matso da gonar kusa da gida kaɗan."

Nan take tsayawa kullum. Ba ta taɓa rufe wannan tatsuniya da ƙurunƙus ba. Mu yi ta magiya, ta ce wake ya nuna, kowa ya tafi ya kwanta. Wani daren gonar na bakin rafi, wani daren ta iso gindin tsamiya, mu dai muna biye da ita kamar masu rakiya.

Akwai kuma abin da take yi kafin ta hura wuta. Takan ƙunshe wake da shinkafa a ganye, da taliya da ƙwai da soyayyen yajin nan shito mai yawa, ta kai kan wani dutse a bakin lungunmu. Ta ce na barewa ne. Da safe babu shi. Na ce zan laɓe in ga barewar, sai ta kama kunnena, ba da wasa ba.

"Wanda ya shuka wa barewa ba ya gadi, Angona. Idonka ma tarko ne."

Ban lura da wuri ba cewa ƙunshin yana tafiya. Daga dutsen ya dawo kan katangar maƙwabta, daga nan ya zo bakin ƙofarmu. Bayan wata damina na gan shi a cikin soro. Rannan kuwa sai ta ajiye shi a kan turmi, a tsakar gida, inda hasken wuta ke ƙarewa.

A daren nan, tatsuniyar ta kai gonar har bayan ɗakin uwar. Muna cikin ji na ji motsi a bayana, da ƙarar buɗe ganye, da wani ɗan tari da na sani tun ina goye. Zan juya, Kaka ta dafa gwiwata ta danne. Ba ta ɗaga kai ba, muryarta ba ta canza ba, ta ci gaba da ba da labarin yadda ganyen wake ke sheƙi da raɓa, tana juya tukunyar da ba ta buƙatar juyi. Hawaye na bin kumatunta, ta ce hayaƙi ne. Mutumin da ke bayana ya ci ya gama, bai tashi ba.

"Ƙurunƙus," in ji Kaka a hankali. "Yau ba kan kowa ba."

Mahaifina bai koma yadda yake da ba. Ya zauna da mu dai, yana taya ta faskare, yana raka ni makarantar allo, kuma a ɗakinsa ya cika, a hannunmu. Sai da na girma na gane cewa matar da na zarga da rashin kewa, duk daren duniya tana kiran ɗanta a gabanmu, ta hanyar da kunya ta bar mata.

Yanzu ina da ɗa a unguwar Mamobi da ya yi fushi da ni ya bar gida. Na san ɗakin da yake kwana, ƙafata kuma kullum ƙaiƙayi take in je in jawo shi. Sai in tuna hannun nan a kan gwiwata. Ran Juma'a nakan sayi waakye in bar masa wurin mai shagon bakin layinsu, ba saƙo, ba tambaya. Makon jiya na ce wa mai shagon ya gaya masa, na wannan Juma'ar yana wurin telan da ke kusa da gidanmu. Ran Juma'ar da yamma telan ya ce an zo an karɓa.