Kaskon Inna da Kunnen Yaya Larai

Jiya a gidan suna a Dutsin-Ma na durƙusa na gaida Yaya Larai, tsohuwar maƙwabciyarmu. Sai ta juyo mini kunnen dama, don na hagun ba ya ji.

A shekarun alif ɗari tara da tamanin ina jami'a, nakan zo hutu. Da mun ji kukan Larai ta katanga, mun san mijinta ya fara dukanta, sai Inna ta ɗauki kasko ta tafi ɗebo wuta gidansu. Tana yin sallama, dole ya sake ta ya fice zaure.

Wata rana na ce, "Inna, ai murhunmu yana ci."

"Na gani."

"To me ya hana a kai shi wurin mai unguwa? Wannan ai lallaɓawa ce."

Ta ce, "'Yar boko, sau biyu ana kai shi, ana ce mata ta yi haƙuri. Kawo taki dabarar, ni ga tawa."

Ban kawo ba. Na dai rubuta takarda mai kyau a kan haƙƙin mata, malamai suka yaba.

Ranar da mijin Larai ya kashe mata kunne, Inna tana Kurfi wajen ta'aziyya. Gida huɗu muka ji kukan, har da ni, ina ɗaki da littafina. Kaskon yana nan bakin murhu, ba wadda ta ɗauka.

Ku a unguwarku, wace ce mai shiga in an ji kuka? Ran da ba ta nan fa?