Gonar da na samu a tudun maƙera

Shekarun baya da nisa, damina biyu bayan babban fari, mahaifina ya raba mana gonaki a ƙauyenmu kusa da Guci. Yayana ya samu ta bakin fadama. Ni aka ba ni tudun da maƙeran dā suka yi ta narka tama, har ƙarfen tsofaffin motocin kamiyo ya samu suka bari. Babu itace ko ɗaya a wurin, duk kiryar ta tafi gawayi. Abin da ya rage sai kashin ƙarfe, baƙaƙen dunƙule masu cin bakin hauya. Ga shi ina da sabon aure, kuma an ce daga bana tukunyarmu daban. In gonar ba ta yi ba, ba mu da hatsi.

Da ilimina na aji huɗu a lakwal na tsara aikin: na farko tonowa, na biyu tarawa, na uku kwashewa da jaki. Kwana goma sha biyu ina kan na farko, a kusurwa ɗaya.

Wani tsohon maƙeri, wanda ya yi zuga a tudun yana saurayi, ya biyo ta nan ya tambaye ni ina zan kai dunƙulen. Na ce rami zan zuba. Ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, a ƙasar yashin nan ina ka taɓa ganin dutse? Rumbun kowa kan itace yake, gara tana ci. Kai kuma kana binne ƙafafun rumbu."

Na ce, "Baba, wa zai ɗauki kashi?"

"Wanda gara ta taɓa yi wa ɓarna."

Ya sa na jera manya shida a bakin hanya. Ranar kasuwa ya zauna a kansu yana tare masu wucewa. Kafin la'asar maza na neman na rumbu, mata na neman na murhu. Na kafa doka ɗaya: kowa ya tona da hannunsa, layi layi, daga gabas zuwa yamma. Matata ta ce na tsaya a kansu kamar jandarma, alhali kyauta suke yi mini sharar gona.

Kafin ruwan shuka wurin ya fita tas. A ƙarƙashi muka tarar da baƙar ƙasa, garin gawayi da toka na shekara da shekaru. Geron ya fi ni tsawo. Ranar ɗauri yayana ya zagaya dammunan, ya ce ko za mu sake rabo. Mahaifina ya ce ya makara.

Abin da na koya shi ne, kafin ka tsara aiki a wuri, nemi wanda ya san abin da aka yi a wurin. Tsakiyar tudun, inda wutar ta zauna, har yau ko ciyawa ba ta fitowa. Ban matsa mata ba. Nan nake shimfiɗa buzu in yi azahar, gero kewaye da ni.